Shahidin da Ya Faɗo Daga Soro

Casib bai mutu a fagen daga ba. Kowa a Lazimiyya ya san haka, har waɗanda a yau za su dafa Alƙur'ani su rantse maka da akasinsa. Daga saman soro ya faɗo da la'asar sakaliya, yana kokawa da dish ɗin talabijin don ya kamo tashar nan ta Labanan da mata ke rawa ba mayafi. Abin da kawai za a ƙara, wanda shi ma gaskiya ne, a daidai lokacin wani jirgin sojan Ingila mai saukar ungulu ya gitta can nesa, ta bayan gonakin dabino. Casib ya ɗaga kai zai zage shi, kamar yadda ya saba zagin duk abin da ya gitta ta gabansa, sai ƙafa ta zame.

Yayansa Lafta, mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa, shi ya kwashe shi. Ya yi kuka mai yawa, don duk iya shegen Casib ƙaninsa ne, ciki ɗaya. Da hawaye suka tsaya sai tsoro ya shige shi, saboda akwai rantsuwa a wuyansa.

Mahaifiyarsu Nashmiyya ta ƙare rayuwarta tana tallan madarar ɓauna. Ba ta ci mai kyau ba, ba ta sa mai kyau ba, duk don ta mallaki ɗan fili a babbar maƙabartar Najaf, kusa da Imam Ali, inda kowa a wurinmu ke fatan a kwantar da shi ko tambayar kabari ta zo masa da sauƙi. Filin na mutum biyu ne. Ranar da za ta cika ta damƙe hannun Lafta ta ce, "Kai kana salla, ko a bola aka binne ka za ka iya ba da amsa. Wancan ɗan banzan kuwa ka kawo mini shi wajen ƙafafuna in sa masa ido. Rantse da Abbas." Ya rantse. Mutumin garinmu na iya wasa da kowace irin rantsuwa, amma ban da ta Abbas ɗan Imam Ali, don Abbas ba ya jiran lahira.

To, watan Agusta ne na shekarar da ta biyo bayan faɗuwar gwamnati, kuma a Najaf ɓarin wuta ake yi a cikin maƙabartar kanta, tsakanin kaburbura. Babu direban tasi da zai ɗaure akwatin gawa a saman motarsa ya nufi can. Lafta ya shimfiɗe ƙaninsa a tsakar ɗaki, ya kewaye shi da ƙanƙarar da ya yi niyyar sayarwa, ya zauna yana kallon jarinsa na bin rariya.

Dabara ɗaya ta rage, irin ta kaka da kakanni, wato a ba ƙasa ajiya. Idan hanya ta toshe sai a binne mamaci a gida, a durƙusa a gaya wa ƙasa cewa wannan amana ce, ba nata ba ne, za a dawo a karɓa. Ranar da hanya ta buɗe a tone a kai shi Najaf. Lafta na cikin tunanin wane lungu na maƙabartar gari zai nema, sai ya ji tsayuwar motoci a ƙofar gida. Sayyid Mu'ayyad ne da kansa.

Sayyid Mu'ayyad ɗan garin ne. Ya tsallaka iyaka zuwa Iran yana saurayi siriri, ya dawo bayan faɗuwar gwamnati da tumbi, da baƙin rawani irin na jikokin Manzo, da jam'iyya mai suna Jam'iyyar Raunana, da wani Larabci mai fita ta hanci. Ya kama tsohon ofishin jam'iyyar gwamnati, aka shafe wancan fenti aka shafa kore, kujerun ma ba a canza ba. Mai neman aikin ɗan sanda, da mai neman kalanzir, da wadda miji ya saka, duk can suke layi yanzu, shaihunan ƙabila kuwa suna zaune a zaurukansu suna shan gahawa su kaɗai. A bayan Sayyid kullum akwai wani dattijo mai murmushi, rigarsa ba kwala, ana kiransa Haji Aga. An ce ɗan kasuwa ne mai shigo da barguna da gyaɗar Iran. Ba wanda ya taɓa ganin ya sayar da ko ƙwara ɗaya, rabawa kawai yake yi.

Jam'iyyar Raunana tana da komai sai abu guda. Zaɓe na tafe, kuma samarin unguwar bayan kogi, mabiya wani matashin malami da bai taɓa barin ƙasar ba, sun cika falwayoyin gari da hotunan shahidansu. Su Sayyid ba su da ko ɗaya, don lokacin da ake mutuwar ba sa nan.

"Allah ya girmama ladanka, Abu Sajjad," in ji Sayyid, yana kiran Lafta da alkunyarsa, ya miƙo hannu. Lafta ya sumbata ya kai goshi. "Labarin shahidi ya iso mu."

"Wane shahidi, Sayyidna?"

"Ɗan'uwanka mana. Wanda jirgin 'yan mamaya ya kaɗo."

"Sayyidna, ai dish yake gyarawa."

"Jirgi ya wuce ko bai wuce ba?"

"Ya wuce, amma can ta wajen..."

"Ya ɗaga kai ya la'ance su ko bai la'anta ba?"

"Uwar matuƙin ya zaga. Maƙwabta sun ji."

"Allahu Akbar!" Sayyid ya juya ga mutanensa, idonsa har ya kawo ruwa. "Kun ji? Kalmarsa ta ƙarshe a duniya, barranta daga azzalumai. Ku yi salati!"

Aka yi salati har tagogi suka amsa. Haji Aga ya matso ya dafa ƙirji, ya ce wa Lafta da ɗan Larabcinsa mai tsallake-tsallake, "Ni ƙurar takalminka ne, Haji. Likkafani namu, rago namu, shinkafa namu. Kai kuka kawai." Ya ce akwai fili kusa da ofis, an kewaye shi da katanga tun bara, ana jiran wanda ya cancanta.

Matar Lafta, Ummu Sajjad, tana bayan labule tana ji. Ta yi ta tari na ƙarya har ya gane ya shigo madafa.

"Ka haukace ne?" ta ce da raɗa mai kama da ihu. "Casib za ka ba su? Mutumin da aka kwasa soja ya yi shekara takwas a rami yana harbin mutanen Iran ɗin nan, ya baro musu yatsun ƙafarsa biyu? Wallahi in ya ji Farisanci a kansa sai ya miƙe da likkafanin."

"Ke rufe mana baki. Da me za ki ciyar da masu makoki, da ruwan ƙanƙara?"

"Gara ruwan ƙanƙara da ragon wancan mai murmushin."

"Ajiya ce fa, mace. Ko a ina na binne shi ajiya ce. Su ci zaɓensu, ni in ɗauki ƙanina in wuce. Wa ya ci wani?"

Lafta yana ganin kansa mai wayo ne, don ya rayu shekaru a ƙarƙashin waccan gwamnati bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa nufin i ba, ga shi da ransa da haƙoransa. Ya fito ya gyara murya.

"Na amince, Sayyidna, amma amana ce. Da zarar hanya ta buɗe zan kai shi wajen mahaifiyarmu. Da Abbas na rantse."

Sayyid ya ɗora tafin hannu a kan baƙin rawaninsa. "A kan rawanin kakana, Abu Sajjad. Amana amana ce."

Ba a taɓa jana'iza irin ta Casib a Lazimiyya ba. Mutumin da limamin unguwa kan sauya hanya in ya hango shi, sai ga shi a kafaɗun masu rawuna, cikin likkafani mai rubutun addu'a daga sama har ƙasa. An dafa ƙima, miyar nama ta makoki, da shinkafa a tukwanen da yaro zai iya wanka a ciki. Abokan shan giyarsa suka tsaya can baya suna zare ido, ba su san ko su yi kuka ko su gudu ba. Da aka saka shi a rami Lafta ya durƙusa ya kai baki kusa da ƙasa ya ce, "Ya ƙasa, wannan Casib ne ɗan Nashmiyya. Amana ne a hannunki, kada ki ci shi, zan dawo in karɓa." Ba wanda ya ji, saboda lasifika tana kan kabarin, Sayyid na ba da tarihin jihadin mamacin.

Kafin a yi sadakar bakwai hotuna suka iso daga ƙetaren iyaka. Hoto ɗaya Casib ya taɓa ɗauka, na katin soja, da gashin baki da ido ja. Masu aikin suka ƙara masa gemu, suka ɗiga masa tabon salla a goshi, suka sa haske a bayansa da farar tantabara. Ummu Sajjad ta tsaya gindin falwaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah ya ji ƙan bawan Allahn nan. Ɗan gidan wa ne?"

Da farko koren ƙyalle aka rufa wa kabarin. Sai aka kewaye shi da tagar ƙarfe. Sai wata mata da ɓaunarta ta ƙi ba da nono ta ɗaura tsumma a jikin ƙarfen, ɓauna ta ba da nono, shi ke nan magana ta ƙare. Magina suka zo daga gabas suka tayar da ƙubba mai shuɗin tangaran. Motocin masu ziyara da ke tsallako iyaka za su Karbala suka fara tsayawa a Lazimiyya, don Haji Aga ya san direbobin duka. Tsofaffin mata cikin baƙaƙen mayafai su sauko su rungume ƙarfen suna kuka da Farisanci a kan Casib, wanda wataƙila shi ya harbe mazajensu. Bai miƙe ba dai.

Ba zan ɓoye wa Lafta ba, shi ma ya ji daɗi. Masu ziyara na shan ruwan sanyi, kuma ƙanƙarar ɗan'uwan shahidi ta fi ta kowa albarka. Jam'iyya ta aiko masa da janareta da barguna. In ya shiga kasuwa ana tashi tsaye. Ranar da wasu samari masu kiran kansu Rundunar Shahid Casib suka ƙone rumfar tsohon da ke sayar da giyar dabino a bayan tasha, tsohon da ya yi shekaru yana ba Casib kyauta in aljihunsa ya bushe, Lafta ya ji abin har cikin ransa, ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. A rana ta uku ya ci.

Zaɓe ya zo. Aka baza a gari cewa wanda bai dangwala wa Raunana ba matarsa ta haramta gare shi. Ummu Sajjad ta ce da ma a tabbatar mata da fatawar kafin ta shiga rumfa. Raunana suka lashe Lazimiyya, Sayyid ya zama babba a majalisar lardi, Haji Aga ya daina kawo barguna ya fara kawo injiniyoyi.

Hanyar Najaf kuwa ta daɗe da buɗewa. Lafta ya ce bari sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce ya ce bari Ashura ta wuce. Wata safiya ya tashi ya ji hannunsa na dama ya mutu murus, hannun da mahaifiyarsa ta riƙe. Likita ya ce yawan taɓa ƙanƙara ne. Ummu Sajjad ta kalli hannun ta ce, "Abbas ya fara. Daga hannu yake farawa, sai wuya."

Ranar Alhamis Lafta ya ɗauki shatar tasi, aka ɗaure sabon akwati a samanta, ya nemo masu haƙar kabari biyu, suka tsaya bakin ofis. Ya zaɓi Alhamis da gangan, don ranar ce zauren ke cika, ya san Sayyid ba zai musa rawanin kakansa a gaban jama'a ba. Masu gadi suka laluba shi. Kowannensu da bindiga a kafaɗa da hoton Casib mai gemu a ƙirji.

"Marhaban da ɗan'uwan shahidi!" in ji Sayyid daga kan kujera. "Ku ba shi wuri. Me ke tafe da kai, Abu Sajjad?"

"Sayyidna, ajiyata na zo karɓa."

Sayyid bai ɗaure fuska ba. Ya juya zobensa a yatsa, ya gyaɗa kai a hankali.

"Gaskiyarka. Na ɗora hannu a rawanin kakana, ban manta ba. Kuma rantsuwar Abbas ba abin wasa ba ce, na ga hannunka." Ya yi ajiyar zuciya. "Sai dai ka duba mutanen nan. Ka duba matan da ke waje. In suka wayi gari suka ga rami a ƙarƙashin ƙubba, ni ba zan iya riƙe samarin nan ba. Ba don kaina nake faɗa ba, kai nake ji wa."

"Zan kai shi ne kawai wajen mahaifiyarsa, Sayyidna. Ita ta roƙa."

Haji Aga, wanda ke gefe yana shan shayi da ƙwayar sukari a haƙori, ya ajiye ɗan kofinsa. Murmushinsa ya ƙara faɗi.

"Ni ƙurar takalminka ne, Haji. Abu mai sauƙi. Uwa da ɗa su kwanta tare, wannan ne buƙata, ko? To me ya sa ɗa ya tafi? Uwa ta zo."

Lafta bai gane ba da farko. Sayyid ne ya gane, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Masha Allah, Haji! Uwar Shahidi! Ɗaga kabari in akwai maslaha ya halatta, malamai sun yi bayani. Za mu tura motoci Najaf da mutanenmu, a ɗauko ta da girma da arziki, jerin gwano tun daga can har nan. Ƙubba ta biyu, sashen mata. Ai da ma matan na kukan cunkoso."

"Tangaran ya rage," in ji Haji Aga. "Magina suna nan. Gobe ma."

"Ku yi salati ga Uwar Shahidi!"

Zauren ya ɗauka. Lafta ya tuna wuyan Nashmiyya da ya karkace don ɗaukar tire, da tafin ƙafarta da ya tsage kamar bakin fadama da rani. Duk wahalar nan don ta kwanta a Najaf ta sha ta, ta kuwa samu. Yanzu za a tono ta a maido ta Lazimiyya, bayan ofishin jam'iyya, kusa da inda ake ajiye janareta. Kuma ya san za su yi. Mutanen da suka mai da Casib waliyyi ba tono tsohuwa ne zai gagare su ba. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, bai kuma taɓa jin haushin kansa haka ba.

"Sayyidna!" in ji Lafta. "Na manta ban faɗa ba. Na yi mafarki."

Aka yi shiru. A garinmu ba a katse mai mafarki.

"Na ga mahaifiyata. Cikin wani lambu, da fararen kaya. Ta ce, Lafta, kada wanda ya taɓa ni. Ina maƙwabtaka da Imam, duk wanda ya ɗaga ni daga nan ban yafe ba."

Wani tsoho a baya ya fashe da kuka. Sayyid ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Mafarkin muminai gaskiya ne," ya ce. "Wa zai raba baiwar Allah da maƙwabcinta? Haji, a bar maganar." Haji Aga ya dafa ƙirji. Lafta ya saki numfashi, har ya fara ja da baya.

"Shahidin fa?" in ji Sayyid a hankali. "Bai zo a mafarkin ba?"

Lafta ya tsaya. Sayyid na kallonsa da tausayi, ba gaggawa, kamar mai shago da ya faɗi farashi yana jiran a buɗe aljihu. Haji Aga ya ɗauki wata ƙwayar sukari.

"Ya zo," in ji Lafta.

"Allahu Akbar. Me ya ce?"

"Ya ce yana jin daɗin inda yake."

"Sai me?"

"Ya ce a bar shi nan."

"Na baya ba su ji ba, Abu Sajjad. Ku kawo masa lasifika."

Aka kawo. Lafta ya riƙe ta da hannun hagu ya maimaita, muryarsa ta fita ta saman ƙubba har kasuwa, har unguwar bayan kogi, har madafar Ummu Sajjad. Mata a waje suka rangaɗa guɗa. Sayyid ya taso da kansa ya rungume shi, ya ce ranar Juma'a zai sake ba da mafarkin bayan huɗuba, don masu ziyara su amfana, Haji zai fassara.

A waje masu haƙa sun ji komai, har sun saɓa shebur sun kama gabansu. Direban tasi na jingine da motarsa yana shan taba.

"To Haji, ina gawar? Ko in kwance akwatin?"

Lafta ya buɗe ƙofa ya shiga gaba. "Bar shi. Najaf za mu."

"Da akwati ba kowa? Me za ka je yi?"

"Ja mota, ɗan'uwa," in ji Lafta. "Gara mahaifiyata ta ji daga bakina."